Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Atamfar Mutanen Indonesiya

Makon jiya na tsaya a inda na bar karofi na koma Kantin Kwari yaron shago. Ranar da na je sallamar Baffa ko kai bai ɗago ba. Yana motsa baba da muciya ya ce, "Je ka, ɗan nan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Har yau maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kun dai san gidanmu, rini muka gada. A haɗa baba da toka da katsi a rami, a yi ta jira har ya nuna. Su Inna su ƙulle farin yadi da zare, mu tsoma, mu ɗaga ya sha iska, kana gani yana juyewa daga kore zuwa shuɗi. Buzaye na zuwa tun daga Agadas. Na yi aure ma faratana ba su gama washewa ba.

A Kwari na koyi atamfa, turmi-turmi: Holan ta masu hali, ta Kaduna ta sauran jama'a. Da UNTL, babbar masaƙar Kaduna, ta rufe a 2007, kayan Chana suka cika mana layi. Amma wannan sai gaba.

Shekarar da na sauke farali na ga abin da ya ɗaure mini kai. Alhazan Indonesiya, maza da mata, sanye da yadi iri ɗaya mai zane, su suna ce masa batik. A Mina wani dattijonsu ya ga ina ta kallo, ya ciro zanen matarsa daga jaka ya miƙo mini. Na juya shi, ciki da baya launi ɗaya. Da guntun Larabci da nuni da hannu ya fahimtar da ni cewa da narkakken kaki ake zana shi, ta bakin wani ɗan ƙaramin mazubi na tagulla, a tsoma a rini, inda kaki ya rufe ba ya kamawa, sannan a tafasa kakin ya fita. Na ce a raina, ai wannan ƙullin su Inna ne, kaki kawai ya maye gurbin zare.

Sai daga baya babban ɗana ya karanto mini cewa atamfar Holan ma daga can ta samo asali. Turawan Holan da suka mulki ƙasar ne suka kwaikwayi aikin tsibirin Jawa da inji, kamfanin Vlisco na garin Helmond tun 1846 yake. Masu abin ba su karɓi na inji ba, sai kasuwarsa ta buɗe a Afirka ta Yamma. Ashe kwaikwayon kayansu nake ta sayarwa, ina cika baki.

Su kuwa sun riƙe nasu. A 2009 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa batik cikin kayan gadon duniya, duk 2 ga Oktoba ranarsa ce a ƙasar. Ma'aikata na sa shi ranar Juma'a, suna fitar da shi Amurka da Japan, Mandela ma da irin rigar aka san shi.

To, wa ya bar gida? Ni da na tafi, ni nake aiko kuɗin sayen baban rini duk ƙarshen wata. Baffa da ya zauna, shi ya sa aka cike ramukanmu da ƙasa ya sayar da filin, ba tare da ya shawarci kowa ba, Allah Ya jiƙansa. Yanzu shagon cajin waya ne a wurin. Ɗansa kuma, wanda ya riƙa maimaita mini karin maganar uban a gaban mutane ranar sunan 'yata, shekaranjiya ya zo neman bashin atamfar Chana turmi goma. Na ba shi biyar.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda aka yi da kuɗin filin, da abin da Gwaggo ta faɗa a gaban mai unguwa.