Kwana uku ina bin jagorar wata manhajar AI layi-layi

Ranar wata Litinin ogana ya turo mini adireshin wani shafi, ya ce in duba masa kafin Juma'a ko ya dace mu biya kuɗin rajista. Manhajar AI ce irin mai aiki da kanta. A ba ta kod ɗin manhajar waya, ta bi shi ta zaƙulo irin bayanan mutane da ake kwasa, ta cike fom ɗin da ake bayyana hakan a Google Play da App Store, har ta rubuta takardar manufofin sirri. Mu biyar ne a wani ɗan ofis a Kano, manhajarmu kuwa ta lissafin 'yan kasuwa ce: wa ya ci bashi, wa ya biya, nawa ya saura. Ka ga ke nan sunaye da lambobin waya a hannunmu ba a magana.

Na san abin da ya sa ogan ya ƙosa. Tun Disambar 2020 Apple ya ce sai ka bayyana abin da manhajarka take tattarawa. A Yulin 2022 Google ya wajabta nasa fom ɗin. A Mayun 2024 Apple ya ƙara da cewa sai ka rubuta dalilin taɓa wasu sassan wayar a cikin wani fayil mai suna PrivacyInfo. Duk sanda za mu sabunta manhaja sai mu yini muna gardama a kan akwati ɗaya tak.

Ranar farko karatu kawai na yi, kuma jagorar ta burge ni. Hotuna tsaf, matakai a jere, cikin minti goma na girka. Da a nan na tsaya da na ce a biya.

Washegari na ɗana mata tarko. Na haɗa wata 'yar ƙaramar manhaja wadda na san cikinta da wajenta, na zuba abubuwa biyar: ɗauko lamba daga jerin lambobin waya, tura hoton rasit, Crashlytics mai kawo rahoto idan manhaja ta tsaya, ajiyar saituna a UserDefaults (ma'ajiyar ƙananan bayanai ta manhajojin Apple), sai na biyar wanda na ɓoye a sabarmu, wato kwamfutar da manhajar take magana da ita ta intanet, inda ake duba adireshin intanet na waya a gano garin da mai ita yake, a ajiye. Na rubuta amsoshin gaskiya da biro a bayan wani ambulan, na kife shi a tebur, sannan na bi jagorar kamar wanda bai taɓa ganin kod ba. Duk abin da ba ta ce in yi ba, ban yi ba.

Huɗu ta kama, har da lambar dalili CA92.1 da Apple yake so a kan UserDefaults, wadda ni kaina sai na duba nake tunawa. Na biyar ya wuce ta. Ban ga laifinta a nan ba, don ba a nuna mata sabar ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne amsar da ta cike. A gurbin wurin da mutum yake, ta rubuta ba a tattarawa. Ba ta ce ban gani ba, ba ta ce a bincika ba. Da na koma jagorar neman inda aka yi gargaɗi, sai can ƙasan shafin tambayoyi, bayan maganar yadda ake canza katin biyan kuɗi, na tarar da layi ɗaya mai cewa kod ɗin da aka ba ta kaɗai take gani. Wannan layin shi ya kamata ya zama na farko a shafin farko. Idan fom ya yi ƙarya, asusunmu ne zai sha, ba nasu ba.

Daga nan na fara karanta kalmomin da wani ido. Jagorar tana ta maimaita kalmar tattarawa kamar ma'anarta ɗaya ce a ko'ina. A wurin Apple, ka tattara bayani idan ka fitar da shi daga waya kuma ya zauna a hannunka fiye da lokacin biyan buƙatar nan take. Google kuma ya raba tattarawa da bai wa wani, kuma bai ɗauki kamfanin da yake maka aiki a madadinka a matsayin wanda ka bai wa ba. Ƙaramin bambanci ne a ido, amma shi ne yake sauya akwatin da za ka zaɓa. Jagorar ba ta faɗi da wace ma'ana manhajar take yanke hukunci ba.

Dariya kuwa na yi ta da na ga takardar manufofin da ta rubuta mana. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta 2018 ta cika shafi, ga ta Kalifoniya a biye. Masu amfani da manhajarmu 'yan Kantin Kwari ne da Singa. Dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ita ce a wuyanmu, ko sau ɗaya ba a ambace ta ba, kuma babu inda jagorar ta jera ƙasashen da ta sani da waɗanda ba ta sani ba.

Rana ta uku ita ce ta izini. Akwai mataki inda ake cewa ka ba ta mabuɗin asusunka na Play Console, inda ake ɗora manhaja a Google Play, don ta sauƙaƙa maka. Na karanta sashen sau uku ina neman amsar tambaya ɗaya: za ta jira in duba in amince, ko da kanta za ta aika? Shiru. Ina kod ɗinmu yake zuwa idan ta karanta, kwana nawa yake yi a can, ana horar da wata na'urar da shi? Nan ma shiru. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Na rubuta musu tambayoyi huɗu, suka amsa biyu cikin ladabi, suka ce sauran suna kan hanya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga wurin oga da ambulan ɗina.

"To, a saya ko a bari?" ya ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a biya na wata ɗaya. Idonta ya fi nawa a cikin kod. Amma mabuɗin asusu ba za ta gan shi ba, kwafin kod za mu ba ta bayan mun cire kalmomin sirri, fom kuma ni zan cike da hannuna."

Ya juya ambulan ɗin ya tsaya a kan na biyar, ya ce, "Wannan na sabar, a ta gwaji kawai yake ko har da tamu ta gaske?"

Na yi jim. Da yamma na buɗe sabar tamu, na tarar da rajistar da take ajiye lambobin wayar kwastomomi tun shekarar da muka fara, ba wanda ya taɓa goge ta, kuma ba ta cikin kowane fom da muka taɓa cikewa. A kanta na kwana ranar Asabar.