Allura tana kan 50, injin kuwa yana shaƙewa

Janareton da nake kula da shi a wata masana'antar casar shinkafa a Kakuri, cikin Kaduna, ya ba ni kunya a hunturun bana. Kullum da safe in na duba mitar da ke nuna saurin bugun wutar, allura tana kan 50, daidai abin da injin mai juyi 1500 a minti ya kamata ya nuna. Sai ran nan Baba, makanikin da ya girme ni da shekara talatin, ya tsaya gefensa, ya karkata kai, ya ce, "Ɗana, muryar nan ba tasa ba ce."

Gaskiyarsa. Ƙura ta fara toshe filtar iska, gwamna kuwa, wato na'urar da ke daidaita juyin inji, sai ƙara mai yake yi don kada juyin ya faɗi. Aikinsa ke nan, amma da wannan aikin yake rufe ciwon. Ni ina kallon allura, ban kalli wahalar da ake sha kafin a tsayar da ita wurin ba.

Yanzu na sa ƙaramar kwamfuta tana karɓar awon lodi, wato yawan wutar da ake ja, da zafin hayaƙi da yawan man da ke shiga kowace daƙiƙa, tana kwatanta su da abin da lafiyayyen inji zai nuna. Da farko na ja iyaka ɗaya, in an tsallake ƙararrawa ta yi kuka. Bai yi ba. Halin injin a rabin lodi daban ne da halinsa in ya kusa cika, kuma duk sanda babbar motar lantarkin da ke juya injin casa ta tashi sai ƙararrawa ta ruɗe. Kwana uku yaran masana'antar suka cire mata waya, ban kuma ga laifinsu ba.

Abin da ya fisshe ni dabarar da E. S. Page ya wallafa ce a Ingila a 1954, wadda ake kira CUSUM. Kamar adashi take: ana tara ɗan bambancin kowane awo. Na wucin gadi ya zo ya wuce, amma wanda ya nace gefe ɗaya sai ya yi ta hauhawa har ya fito fili.

Ranar da muka cire tsohuwar filtar, Baba ya buga ta da ƙasa, jar ƙura ta tashi har kan takalmana. Na sayi ƙaramin littafi, duk sanda ya ce murya ta sauya ina rubuta rana da lokaci, in je in duba ko kwamfutar ta riga shi. Sau biyu ke nan yana riga ta.