Saɓanin aƙida a Kumasi: wanda ke ƙarewa a majalisa da wanda ke kai mutum kotu

Mu da muka taso a Kano, Katsina ko Maraɗi mun saba da garin da kusan kowa musulmi ne, kuma aure da gado suna tafiya bisa abin da malamai suka karantar. Kumasi ta ƙasar Gana ba haka take ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kiristoci sun ɗan haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, musulmi kuma kusan kashi 20. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin addininsa, amma babu kotun shari'ar Musulunci a ƙasar. Baƙon da ya sauka a zango, wato unguwannin musulmi irin su Aboabo ko Asawase, ba zai lura da wuri ba, don Hausa yake ji ta ko'ina, ga kiran salla, ga koko da ƙosai da safe. Sai ya shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa kasuwar Kejetia, wani ya miƙe da Baibul yana wa'azi har a sauka, sannan ya gane cewa nan shi ne marar rinjaye.

Saɓanin da baƙo ya fi tsoro shi ne mafi sauƙi. A zango akwai 'yan Tijjaniyya, waɗanda suka ƙara ƙarfi tun ziyarar Shehu Ibrahim Inyas a shekarun 1950, akwai Ahlus Sunna, akwai 'yan Shi'a kaɗan, akwai kuma Ahmadiyya da suka kafu a Saltpond tun 1921, suna da babbar sakandare a Kumasi. An sha rikici tsakanin ɗariƙa da Ahlus Sunna a shekarun 1990, dattawa ba su manta ba, shi ya sa ba sa son mai tsokana. Za ka tarar da gida ɗaya, uba yana wazifa, ɗa yana cewa bidi'a ce, kuma tukunya ɗaya suke ci. Ka yi salla inda hankalinka ya kwanta. Abin da ba a yafewa shi ne baƙo ya zo da kaset ɗin malamin garinsu yana kafirta limamin unguwa, alhali limamin nan ne zai tsaya masa a gaban mai gida ranar neman ɗaki, shi ne kuma zai sallaci gawarsa.

Da maƙwabta Asante, 'yan asalin garin, waɗanda tsofaffin zango ke kira Tonawa, abin ladabi ne kawai. Gidan haya tsakar gida ɗaya ce, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Kada ka miƙa wa mutum abu da hagu. In ka shiga taro, ka fara musabaha daga dama. A gidan abinci ka tambayi naman da ke cikin miya kafin a zuba, domin ana sa naman daji, wani wurin har da alade; naman shanu na kasuwa kuwa galibin mahautansa musulmi ne. In an yi wa maƙwabcinka rasuwa, jana'izar takan ɗauki makonni ko watanni ana shiri, gawa tana ajiye a asibiti, a yi taron ranar Asabar cikin baƙaƙe da jajayen kaya, a karɓi gudummawa a rubuta, a shelanta sunan mai bayarwa a lasifika. Malaman zango sun saɓa kan zama a irin wannan taro, musamman lokacin da ake zuba giya a ƙasa ana kiran kakanni. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su je, su gaisa, su ba da gudummawa, su tashi. A ganina hakan ya wadatar, kuma ƙin zuwa sam shi ne ke ɓata zama. Wanda ya ce an yi sassauci da yawa, a tuna masa cewa Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a Akra lokacin Ista na 2019, shekarar da ya cika ɗari. Wasu sun soki tafiyar, wasu sun yaba, ba a kuma fasa bin sa salla ba.

Saɓanin da ke da haƙora yana cikin takarda. Dokar Gana ta san aure iri uku: na rajista mai mace ɗaya, na gargajiya, da na musulmi. Na musulmi sai an yi masa rajista cikin mako ɗaya da ɗaurawa, a tafi da ango, waliyyin amarya, shaidu biyu da limamin da yake da lasisin gwamnati. Ba kowane limami ne yake da lasisin ba, don haka ka tambaya kafin a raba goro. In mako ya wuce, sai an nemi izinin Babbar Kotu. Yawancin auren zango ba a yi masa wannan, kuma takardar da masallaci ke bayarwa ba ita ce rajistar ba. In magana ta kai kotu, sau da yawa sai a ɗauke shi a matsayin auren gargajiya. Tarko mafi muni shi ne na mai neman biza da ya je ya yi auren rajista mai mace ɗaya don a samu takarda mai tambari. Daga ranar doka ta hana shi ƙara aure muddin na farkon yana nan, ko da malaminsa ya halatta masa.

Gado ya fi wannan zafi. Wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, dokar gado ta 1985, wadda aka fi sani da Doka ta 111, ita kotu za ta bi, musulmi ne ko kirista. Gida ɗaya da kayan cikinsa na mata da 'ya'ya ne. Sauran dukiya a kasa ta 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, dangi bisa al'ada 2. Misali in saura sidi 160,000 ne, mata ta ɗauki 30,000, ko matan su raba in suna da yawa, 'ya'ya 90,000, iyaye 20,000, dangi 20,000. A fiƙihu kuwa rabon matar tumuni ne, wato 20,000. Kuma dokar ba ta san namiji rabon mata biyu ba, ba ta fitar da ɗan da aka haifa a waje, ba ta hana magaji don ya bar Musulunci. In duk magada sun yarda malam ya raba, babu mai hana su. Mutum ɗaya ya ƙi, shi ke nan. Nan ne za ka ji 'yar da ta yi boko tana cewa, "Kawu, ni na biya kuɗin asibitin Baba shekara da shekaru, don me zan karɓi rabin na Yaya?" Kawu ya ce Allah ne Ya raba. Kowannensu gani yake yi adalci yake karewa, alƙali kuwa ba zai buɗe Risala ba.

Maganin yana hannun mai rai. Dokar wasiyya ta 1971 ta yarda mutum ya rubuta yadda yake so a raba dukiyarsa, har ya ce a bi rabon Musulunci. Ya sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, su ma su sa, kuma kada shaidun su kasance cikin masu cin gadon. Ana iya ajiye ta a Babbar Kotu. Ya kyautu malami da lauya su zauna tare a kanta, domin wasu mutanenmu suna gudun wasiyya da hujjar cewa babu wasiyya ga magaji, alhali wannan takarda ba ƙarin rabo take yi wa kowa ba, umarni ne a bi rabon da aka riga aka sani.

Wanda ya auri 'yar Asante da ta musulunta yana da ƙarin aiki. Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, kuma a al'adar da kotunan Gana suka sha tabbatarwa, gawa ta dangi ce, ba ta miji da 'ya'ya ba. Ranar da ta rasu kana neman likkafani kafin la'asar, shugaban danginta na iya cewa a kai ta ɗakin ajiyar gawa sai 'yan'uwa sun iso daga Ingila. A yi wannan magana tun tana da rai, a gaban shugaban dangin da limami, a rubuta. Mafitar da aka fi samu ita ce a binne ta da wuri bisa Musulunci, a bar dangi su yi taronsu daga baya ba tare da gawa ba. Ko babu gardamar dangi, sai da takardar likita da izinin binnewa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa kafin a nufi maƙabartar Tafo, kuma mutuwar da ta faru a gida ba tare da likita ya san ciwon ba tana iya jawo 'yan sanda da binciken gawa, abin da ke cinye kwanaki.

Makarantar yara ma a duba ta tun kafin a cike zaɓin sakandare. Da yawa daga cikin fitattun makarantun kwana coci ne ya kafa su, kuma taƙaddamar azumi da ta tashi a Wesley Girls ta Cape Coast a 2021 ta nuna yadda dokar makaranta ke karo da ibadar yaro. Uba ya je da kansa ya tambayi ɗaliban musulmi da ke can: akwai wurin salla, ana barin sahur, dole ne shiga coci ranar Lahadi, an yarda da hijabi? In amsoshin ba su yi masa ba, ya zaɓi ta jeka-ka-dawo.