Akuya a bakin raga, da sauran abubuwan da ke rikita alƙalin wasa

Yawancin filayen da muke busa wasa a cikinsu ba su da shinge. Abin da alƙalin Turai zai shekara goma bai gani ba, mu mukan gan shi kafin a tafi hutun rabin lokaci. Akuya ta ratso, yaro ya biyo ƙwallonsa ta roba, ƙwallon masu atisaye a gefe ta faɗo, wani ɗan kallo ya zo da usur a aljihu. Dokokin wasa 17 ne, hukumar IFAB ke rubuta su, kuma duk waɗannan suna ciki. Sai dai ba ka samun damar buɗe littafi a lokacin da mutum 22 suka yo kanka.

Abin da na saba yi shi ne in tambayi kaina abu uku kafin in nuna komai da hannu. Ƙwallo tana cikin wasa ko ta riga ta fita? Wa ya taɓa ta, ko me ya taɓa ta? A ina? Amsar ta biyu ita ce ke yanke yadda za a ci gaba da wasa, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Na koyi haka ne a kan akuya. Ɗan gaba ya ɗirka ƙwallo daga wajen yadi na 18, gola ya yi tsalle dama inda ta nufa, sai ta bugi akuyar da ke tsallaka gaban raga, ta karkata hagu ta shige. Na nuna tsakiyar fili. Mai tuta bai ruga sama ba, ya tsaya cik, wanda a tsakaninmu alama ce ta "zo mu yi magana". Na je, ya faɗa mini, na soke cin. Doka ta ba ni wannan damar: alƙali na iya janye hukuncinsa muddin ba a sake take wasa ba. Da an taɓa ƙwallo a tsakiya, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Tun daga ranar ba na gaggawar a take bayan wani abu mai ɗaure kai. Daƙiƙa 20 na kallon mai tuta ba ta rage wa wasa komai.

Akuya baƙuwa ce a wasa, haka balan-balan, haka ɗan kallo. Idan baƙo ya shafi wasa, a tsayar, alƙali ya saki ƙwallo daga hannunsa. Tunda abin ya faru a cikin yadi na 18, gola ake sakar wa, sauran kowa ya ja baya aƙalla mita 4 har sai ta taɓa ƙasa. Masu kai hari za su ga an cuce su, kuma ban ga laifinsu ba, amma haka dokar take. Irin wannan ne ya faru a Ingila a watan Oktoba na 2009, lokacin da bugun Darren Bent na Sunderland ya daki ƙwallon roba da wani ɗan kallo ya jefo, ta kauce wa Pepe Reina, golan Liverpool. Alƙali Mike Jones ya ba da ci, aka tashi 1-0, alhali sakin ƙwallo ya kamata a yi.

Akwai togaciya guda da ya kamata a riƙe. In ƙwallo ta riga ta kama hanyar raga, baƙon bai hana mai tsaron baya ko gola kai wa gare ta ba, kuma ta shiga, to ci ne ko da ta goge shi. Kuma in akuyar tana can kusurwa tana kiwonta wasa yana wancan gefen, ba a tsayarwa. A jira ƙwallo ta fita a kore ta.

Inda abin ke canzawa gaba ɗaya shi ne idan wanda ya taɓa ƙwallon sunansa yana cikin takardar da ƙungiya ta miƙa: ɗan benci, wanda aka canza, wanda aka kora, koci, mai tausa. Wannan ba baƙo ba ne. Tun gyaran dokoki na 2016 hukuncinsa bugun tazara ne na kai tsaye, in a cikin yadi na 18 ɗinsu ne kuwa fenareti. A 2019, a rukuni na biyu na Jamus, Michael Eberwein na Holstein Kiel yana motsa jiki a bayan raga, bugun ɗan Bochum ya yi waje, shi kuma ya sa ƙafa ya tare ƙwallon tun ba ta gama tsallake layi ba. Aka duba na'ura, aka ba Bochum fenareti, shi kuma katin gargaɗi. Shi ya sa nake matsa wa ƙungiyoyi su rubuta mini kowa da ke benci, har mai ɗaukar ruwa. Wanda ba ya cikin takarda ba ya zama a benci. In ba haka ba, ranar da ya faɗa fili za a yi ta musu: namu ne, ba namu ba ne.

Shi kansa alƙali, kafin 2019, tamkar turke yake: ƙwallo ta buge ka, wasa ya ci gaba. Yanzu in ta taɓa ni ta zauna cikin fili, sai in duba abu uku: ta shiga raga kai tsaye, ta koma ƙafar abokan hamayya, ko ta buɗe hari mai haɗari. Ɗaya daga ciki ya isa in tsayar in saki ƙwallo. In ba ko ɗaya, ba na busawa. Sababbin alƙalai sukan busa don kunya kawai, su kashe wa ƙungiya wasanta a banza.

Sai dokokin da 'yan kallo ba sa yarda da su ko ka rantse. Ba a cin gida kai tsaye daga bugun tazara ko bugun gola ko jifa. In iska ta mayar da bugun gola cikin ragarsa ba wanda ya taɓa, kwana ce. In aka yi jifa ta shiga ragar abokan hamayya ba taɓi, bugun gola ne. A 2002 Olof Mellberg na Aston Villa ya jefa wa golansa Peter Enckelman, ta wuce ƙarƙashin ƙafarsa ta shige. An ba Birmingham ci ne kawai saboda alƙali ya ga kamar ta goge shi. Da bai taɓa ba, da kwana za a buga.

Fenareti ma yana da nasa. Ƙwallo ta daki turke ta dawo, mai bugun ya sake taɓawa ba wanda ya taɓa a tsakani: bugun tazara ne a kansa, irin wanda sai wani ya taɓa kafin ya zama ci. Ta fashe a hanya kafin ta taɓa gola ko turke: a sake bugawa. Bayan abin da ya sami Julián Álvarez na Atletico Madrid a Maris na 2025, da santsi ya sa ya taɓa da ƙafa biyu aka soke cin, IFAB ta fayyace cewa in ba da gangan ba ne kuma ta shiga, a sake bugawa. Haka nan alƙali ba shi da ikon ƙirƙirar ci. Luis Suárez ya tare ƙwallon Ghana da hannu a kan layi a 2010, iyakar abin da doka ta tanada jan kati da fenareti, Asamoah Gyan kuma ya daki ƙarfen sama.

Wasu rikice-rikicen tun kafin a take ake kashe su. A 2013 ƙwallon da Stefan Kießling na Leverkusen ya sa wa kai ta bi ta waje, ta shiga ta wani ɓuli a gefen ragar Hoffenheim, alƙali Felix Brych ya ba da ci. Ragunanmu sun fi waccan ɓuli nesa ba kusa ba, don haka nakan bi su da hannu, sama da ƙasa da bayan turke, kafin wasa da kuma bayan hutu, da guntuwar igiya a aljihu. Agogo biyu nake ɗaurawa, ɗaya ina tsayar da shi, ɗaya yana tafiya, kuma mai tuta yana riƙe da nasa. Alƙali Janny Sikazwe ya tashi wasan Tunisiya da Mali a Limbe ta Kamaru a minti na 85 a Janairun 2022, ya dawo, ya sake tashi tun 90 ba ta cika ba. Rubutun kati kuwa, nakan raba takardata gida biyu in rubuta launin riga a saman kowane gida. A gasar duniya ta 2006 alƙali Graham Poll ya ba Josip Šimunić na Kuroshiya katin gargaɗi har uku kafin ya kore shi, domin ya rubuta ɗaya a kan mai lamba 3 na abokan karawarsu, Ostireliya. Idan na ɗaga kati, nakan faɗi lamba da launin riga da ƙarfi yadda mai tuta na kusa zai ji, shi ma ya rubuta a tasa takardar.