Gyaran maɓallan tsohon kibod ɗin MIDI da suka fara ƙara

Kibod ɗin da nake haɗa kiɗa da shi mai maɓalli 61 ne, irin wanda ba ya fitar da sauti da kansa, sai dai ya aika wa kwamfuta saƙo ta tsarin MIDI, wanda aka fito da shi tun 1983. Da ya kwana biyu, sai maɓallan tsakiya, inda yatsu suka fi sauka, suka fara ƙwas-ƙwas har makirufo yana ɗauka idan ana naɗar murya, wasu kuma suna rawa hagu da dama. Akwai kuma guda ɗaya wanda ko a hankali na taɓa shi, sautin sai ya fito da ƙarfi kamar na doke shi.

Kafin in kwance komai, na zare kebul, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Ƙarar da ke fita idan maɓalli ya sauka daban take da wadda ke fita idan ya koma sama, domin kowane ɓangare yana da shimfiɗar matsattsen ulu da ke tare shi. Na ɗauki hoton ciki, na cire fararen maɓallan kafin baƙaƙen, na jera su yadda suke, sannan na ware sifirin ɗin kowane rukuni, saboda a kibod da yawa ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ulun da ke ƙarƙashin maɓallan tsakiya ya lotse ya yi tauri, alhali na can ƙarshe yana nan kamar sabo. A nan ne aikin yake buƙatar natsuwa. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai roba mai ɗigo biyu na kabon, wato baƙin sinadarin da lantarki ke bi ta cikinsa, ɗaya yana riga ɗaya taɓa allon lantarki, kuma tazarar lokacin da ke tsakaninsu ita na'urar take aunawa ta mayar da ita lamba, wadda iyakarta 127, ta nuna ƙarfin bugu. Saboda haka kaurin ulun ba abin da za a yi wa kintace ba ne: idan sabon ya cika kauri, maɓalli zai tsaya kafin ɗigo na biyu ya zauna sosai, sautin ya riƙa ɓacewa, idan kuma ya yi siriri, ƙarar tana nan. Ni da gefen da bai ci ba na gwada, na kankare tsohon gam tas, sannan na manna sabon.

Tsohon giris ɗin da ke kan sandunan da ke riƙe maɓallan ya bushe ya haɗu da ƙura. Na goge shi, na shafa na silikon ɗan kaɗan da tsinke. Mutane da yawa man feshi suke ɗaukowa da zarar sun ji ƙara, amma a ganina ɓarnarsa ta fi amfaninsa, domin man da aka samo daga fetur yana kumbura roba, kuma yana gangarawa inda ba a so.

Shi kuwa maɓallin mai ihu, datti ne a kan allon. Auduga da isopropyl, wani ruwan sinadari na goge kayan lantarki, suka wadatar, ba tare da na dirje kabon ɗin ba. Wajen mayar da robar sai an lura da fuskarta, don idan aka juya ta, ɗigon da ya kamata ya fara taɓawa shi zai zo daga baya. Ban rufe murfin ba sai da na buɗe manhajar da ke nuna lambobin MIDI, na tabbatar kowane maɓalli yana ba da ƙaramar lamba da babba.

Waɗanda ke rawa gefe, jikinsu ne ya ci, giris bai yi musu magani ba. Sai na musanya su da takwarorinsu masu harafi ɗaya, wato masu sunan sauti iri ɗaya, daga can ɓangaren sautuka masu sama, inda ba na yawan kai hannu.