Jakin aiki mai naɗewa: yau girgizar ta tsaya

Yau da hantsi na ɗora falankin maɗaci mai kaurin inci 2 a kan ƙafafun aikina masu naɗewa guda biyu, waɗanda nake kira jaki tunda ɗaukar kaya ne aikinsu, na sa filen na goge shi daga wannan baki zuwa wancan da iyakar ƙarfina, kuma babu wanda ya motsa a cikin biyun. Da gangan na ajiye kofin shayi a kan kantar da ke tsakanin ƙafafun ɗaya domin in gani, shayin ya ɗan yi rawa amma ko ɗigo bai zuba ba. Abokan koyo, na yi farin ciki matuƙa, domin tun kafin damina ta ɗauke nake fama da wannan abu, sai yanzu da hunturu ya yi nisa ya tsaya yadda nake so.

Aikina a nan Kano yawanci na gida-gida ne, rataya ƙofa da haɗa kabad ɗin kicin da gyaran silin. Ba a ɗaukar benci zuwa irin waɗannan wurare, kuma na gaji da jera bulo ko neman durom in ɗora katako, in yini a sunkuye har baya ya ƙage. Saboda haka na gindaya wa kaina sharaɗi cewa jakin zai naɗe ya shiga bayan A Daidaita Sahu tare da akwatin kayan aiki, mutum ɗaya zai ɗauki biyun, kuma za su riƙe cikakken filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ba tare da tsakiyarsa ta lotsa ba. Tsayi na bar shi inci 30, tsawo inci 36, ƙafafun kuma sun karkata digiri 15, wato a tsayin inci 30 kowace ƙafa tana buɗewa waje da kimanin inci 8. Kowane jaki firam biyu ne da hinji ya haɗa su a sama. Na zaɓi katakon obece saboda rashin nauyinsa, kuma daga nan wahalar ta faro.

Ta ɓangaren faɗi babu wata matsala, domin karkatar ƙafafun ta isa. Girgizar ta tsawo ce. Da zarar na ja zarto ko na tura filen, sai jakin ya sunkuya gaba ya dawo baya, layin yanka ya kauce. Da farko na ɗauka bol ɗin da suka haɗa ƙafa da katakon gicciye ne ba su ɗauru ba, sai na ƙara matse noti. Girgizar ta ragu na kwana biyu, sannan ta dawo fiye da da. Da na kwance na duba, sai na tarar washa ta nutse cikin obecen kusan kwatan inci, ramin bol ɗin kuma ya buɗe ya koma kamar ƙwai. Katako mai laushi ba ya jure matsin ƙarfe a wuri ƙarami, iyakar matsewarka iyakar murƙushewarsa.

Na sa washa mai faɗi, abin ya ɗan yi dama, sai iskar hunturu ta kaɗo. Katakon da ake kawo mana daga dazuzzukan kudu yana zuwa da sauran ruwa a jikinsa, kuma katako idan yana bushewa ta faɗi da kauri yake tsukewa, ta tsawo kuwa kusan ba ya raguwa. Bol yana ratsa kauri ne, saboda haka duk abin da na matse a ƙarshen damina ya saki da kansa cikin mako uku. Ranar da na gane haka ina tsakiyar yanka ƙofar kabad a gidan wani mai aiki, jakin ya sunkuya, yankan ya karkace, na yi asarar rabin filawud wanda dole na biya daga aljihuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na jingine su a bango mako guda ban taɓa su ba.

Abin da na daɗe ban yarda da shi ba shi ne, laifin ba na bol ba ne tun asali. Firam mai kusurwa huɗu, wanda kowace kusurwa bol ɗaya ya riƙe ta, dole ya karkace idan an tura shi, domin kowane bol ya zama majuyi. Maganin da kowa ya sani shi ne katakon da zai ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa ya raba firam ɗin gida biyu masu kusurwa uku. Na gwada, girgizar ta mutu nan take, amma jakin ya ƙi naɗewa, domin tokaren biyu suna karo da juna idan an rufe, kaurin ya haura inci 7. Na mayar da tokaren ta waje, sai ya zama yana bugun gwiwata idan na matso yanka. Na gwada waya mai kauri da na ɗaure gicciye, ita kuma tana riƙewa ta ɓangaren ja kawai, sannan tana miƙewa.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe filawud ne mai kaurin rabin inci da faɗin inci 10, wanda na shimfiɗa daga ƙafa zuwa ƙafa a saman kowane firam, na fere masa gurbi a jikin ƙafar ya zauna daidai da fuskarta, na shafa farin gam, na ɗaure da sukuru biyar a kowane ɓangare. Faɗin ne sirrin. Sukuru na sama da na ƙasa suna da tazarar inci 8 a tsakaninsu, saboda haka kafin ƙafar ta juya sai ta tumɓuke ɗaya ta danne ɗaya, filawud kuma ba ya tsukewa kamar falanki domin an gicciya zaren kowane shafi a kan na ƙarƙashinsa. Kafin gam ya kama na auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu har awon ya zo ɗaya. Inda hinji yake kamawa kuma na dasa guntun maɗaci da na samo a 'Yan Katako na Na'ibawa, domin sukuru ya sami nama mai tauri. Nauyin da ya ƙaru kaɗan ne, kaurin jakin a naɗe ya tsaya inci 4.

Kantar ƙasan ma ba don ajiye tef da sukwaya kawai na yi ta ba. Hinji ya riƙe ta a firam ɗaya, ɗaya bakin yana faɗawa cikin gurbi a ɗaya firam ɗin, sai ta hana ƙafafun buɗewa ta kuma hana su rufewa, abin da sarƙa ko igiya ba sa iya yi.

Katakon saman, wanda ake yanka a kansa, da farko da sukuru na ɗaure shi ta sama, har haƙoran injin yankana suka ci karo da kan sukuru ɗaya, uku suka fita. Kuɗin sabon faifan ya cinye ladan aikin kwana biyu, kuma har yanzu ina jin zafinsa. Yanzu turakun katako huɗu ne suke riƙe da shi, babu ƙarfe ko ɗaya a inda zarto zai bi, idan ya cinye in cire in sa wani. A jikinsa na fere gurabe biyu da ake zura tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da inci 4, a ciki su haɗa jakin biyu su zama tebur, kuma na yi guraben da ɗan yalwa tare da wejin matsewa, tunda tu-bai-fo na kasuwa da wuya ka sami biyu masu kauri ɗaya.

Saura matsalar ƙasa. A kan siminti mai kyau suna zaune daram, amma a tsakar gidan da ake kan gini ƙafa ɗaya takan rataye, in riƙa cusa mata guntun katako. Jibi ina da aikin ƙofofi shida a irin wannan wuri, kuma gobe zan huda ƙasan ƙafa ɗaya a kowane jaki, in dasa maɗaci da noti a ciki, in zura bol mai kaurin rabin inci wanda za a riƙa murɗawa ya sauka ko ya hau.