Saƙon godiya bayan tafiyarmu a kan keke daga Kano zuwa Zariya

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya kai mu Zariya ranar Asabar da ta gabata, bayan mun taso daga Kano a kan kekuna jim kaɗan da idar da sallar asuba, muka shafe kusan kilomita 140 kafin rana ta yi sanyi. A cikin ayarin nan ni ne sabon shiga, domin a farkon daminar da ta wuce ban iya yin tafiyar rabin sa'a a kan keke ba tare da na sauka na nemi inuwa ba. Na zaɓi in rubuta godiyata a bainar jama'a saboda waɗanda suka ɗauki nauyina har na kai ga wannan rana suna da yawa, wasunsu ma ban da wata hanyar da zan same su sai wannan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Godiyata ta farko ga likitan da ya auna ni ya ga jinina ya fara hawa, ya zaunar da ni ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma ga mutum mai nauyin jiki irina keke ya fi gudu sauƙi a gwiwa. Da na koma masa da maganar tafiyar Zariya bai hana ni ba. Ya sake auna ni, ya duba bugun zuciyata, ya ce in ci gaba da shan maganina a kan lokaci, in kuma sauka nan take duk ranar da na ji ciwon ƙirji ko jiri. Ina ganin duk wanda ya haura shekara 40 kuma yake son shiga irin wannan tafiya ya kamata ya fara daga ɗakin likita kafin ya je kasuwar kekuna.

Sai Baba mai gyaran keke na bakin layinmu, wanda ya fara sana'arsa tun zamanin da Raleigh da Phoenix ne kekunan gari. Keken da na saya na gwanjo ne mai giya, kuma da na kai masa bai bari na hau ba sai da ya kwance shi ya wanke kaca, ya sauya robar birki, ya daidaita ƙafafun biyu da suka ɗan karkace. Abin da ya fi amfanata shi ne gyaran sirdi. Yawancinmu mun taso muna sauke sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa in an tsaya, shi kuwa ya ɗaga shi har sai da gwiwata ta rage lanƙwasa kaɗan kawai idan feda ta kai can ƙasa, ya ce da ni: “Ɗana, sirdi in ya yi ƙasa gwiwa ce ke biyan bashi.” Daga ranar ciwon da nake ji a gaban gwiwa ya ɗauke. Ya kuma tilasta mini in zauna a gabansa in koyi cire taya da yin faci da hannuna, in nemo ƙaya ko ƙusar da ta huda tayar kafin in mayar da tub, domin a cewarsa tsakanin gari da gari ba kullum ake samun mai faci ba. Bai karɓi ko kwabo a kan wannan koyarwa ba. Allah ya saka masa da alheri, ya albarkaci zuri'arsa.

Ga jagoran ayarinmu ina da godiya mai yawa, domin shi ya tsara mini atisaye, kuma tsarin ya kasance mai tausayi. Ya hana ni ƙara nisa da yawa a lokaci guda, ya ce kowane mako in ɗora kaɗan a kan na makon jiya, in kuma bar ranakun hutu a tsakani, saboda a lokacin hutu ne tsoka ke gyara kanta ta ƙara ƙarfi. A tsakiyar mako nakan yi gajeriyar tafiya a hanyar Gwarzo kafin motoci su yi yawa, ranar Asabar kuma mu fita tare mu yi doguwa, har muka kai ga zuwa Wudil mu dawo, wanda ya tasam ma kilomita 80. Shi ya raba ni da ɗabi'ar saka giya mai nauyi ina dannawa da ƙarfi. Ya nuna mini cewa giya mai sauƙi da ƙafa mai juyawa da sauri, kamar sau 80 zuwa 90 a minti, ita ce ke kai mutum nesa ba tare da cinya ta ƙone ba. Ma'aunin da ya ba ni na gudu mai sauƙin riƙewa ne: idan ba zan iya yin magana da na kusa da ni ba tare da haki ba, to na wuce ƙa'ida, in rage.

A wurin sauran 'yan ayari na koyi tafiya cikin jama'a, wadda ilimi ce daban da iya hawan keke. Sun koya mini in bi bayan na gabana a kusa, domin wanda ke gaba shi ke tsaga iska, na baya kuwa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Sun koya mini kada tayata ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, kada in taka birki ba zato, in nuna rami da hannu don na baya ya kauce, in ɗaga murya in an ga yashi ko mota ta taho. A fitowata ta farko da su na ga sun rage gudu saboda ni ba tare da wani ya nuna mini a fuska ba, kuma sun kafa doka cewa wanda bai sa hular kwano ba ba zai bi su ba ko da kuwa shi ne ya fi kowa iyawa. Wannan doka ta burge ni tun ran nan, yanzu kuma ina da dalilin ƙara girmama ta.

A gida ma an yi mini hidima. Maiɗakina ta ɗauki watanni tana tashi kafin asuba don ta dama mini kunu, ta cika mini gorunan ruwa, ta ƙulla mini dabino da ƙuli-ƙuli, kuma ta jure rashina a safiyar Asabar, wadda a da ita ce lokacin cefane da kai yara ziyara. Mahaifiyata Hajiya da farko hankalinta bai kwanta ba, don ta san yadda manyan motoci ke gudu a hanyar Zariya, amma da jagoranmu ya je har gida ya gaishe ta ya yi mata bayanin motar da za ta biyo mu a baya da kayan agaji, sai ta sa mana albarka. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Ranar tafiya mun fita ta Na'ibawa cikin sanyin hunturu, muka haye gadar Tamburawa hazo bai gama washewa ba. Masu tsara tafiyar sun zaɓi wannan lokaci da sani, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Zariya kuwa tana kudu maso yammacin Kano, saboda haka mafi yawan hanya iskar tana bayanmu. Daga Kura zuwa Kadawa tafiya ta yi daɗi, gonakin rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa suna kore shar a dama da hagu. Sai dai hunturu yana da wata illa da aka yi ta ja mana kunne a kanta: iskar busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin mutum ya gan shi, sai ruwan jiki ya ƙare ba a sani ba. Ina gode wa 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya da ke cikin motar rakiya, wadda ta haɗa mana ruwan gishiri da sukari, kuma a duk inda aka tsaya sai ta duba gorar kowa ta ga ko ya sha. Ita ce ta dage a kan mu ci wani abu kowace sa'a tun kafin yunwa ta zo.

Wahalar ta same ni ne bayan Kwanar Ɗangora. Zariya ta fi Kano tudu da fiye da mita 100, kuma duk da cewa mai mota ba zai lura da hawan ba, ƙafar mai keke tana ƙirga kowane ɗan tudu, musamman idan rana ta take tsaka kuma an riga an wuce nisan da mutum ya taɓa yi a rayuwarsa. Cinyoyina suka fara ɗaurewa, ayari ya yi mini nisa har na daina hango rigunansu, zuciyata kuma ta fara raya mini in ɗaga wa motar rakiya hannu. A nan ne babbar godiyata take, ga dattijon da aka ɗora wa aikin rufe baya, tsohon malamin makaranta wanda ya girme ni da shekaru masu yawa kuma da ya so da yana sahun gaba. A ayarin fatake na da, jagaba ne ke wucewa gaba, madugu kuwa a baya yake tafiya don ya tabbatar ba a bar kowa a hanya ba, kuma wannan aiki shi dattijon nan ya yi mini. Bai yi mini wa'azi ba, bai kuma ce saura kaɗan ba alhali da saura. Ya shiga gabana ya tare mini iskar da manyan motoci ke kwaɗowa, ya ce: “Malam, sauke giya, ka kalli tayata kawai, kada ka kalli tudun.” Da ya ga ƙafata ta ɗaure sosai sai ya sa muka sauka a gindin wata bishiya, ya miƙar mini da ƙafar, ya ba ni dabinonsa da sauran ruwansa, ya jira har numfashina ya daidaita. Ya faɗa mini a fili cewa shiga mota ba abin kunya ba ne, kuma in na ji jiri ko ciwon ƙirji shi da kansa zai tsayar da ita, amma in gajiya ce kawai to mu gwada zuwa gari na gaba. Da haka, gari bayan gari, ya kai ni Tashar Yari, inda na tarar ayarin gaba ɗaya yana zaune yana jiranmu, ba wanda ya wuce.

A Tashar Yari muka yi sallar azahar. Ina gode wa malamin da ke cikinmu, wanda tun kafin mu taso ya yi mana bayanin cewa nisan tafiyarmu ya wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade wa matafiyi, don haka muka yi ƙasaru cikin natsuwa. Ina gode wa mutanen garin da suka ba mu ruwan alwala da tabarmi, da mai shayin da ya ƙi karɓar kuɗin ruwan zafi, da yaran da suka tsare mana kekuna har muka idar. Haka nan ina gode wa jami'an kiyaye haɗurra da muka tarar a hanya, waɗanda suka tsayar da motoci muka tsallaka wata mahaɗa a tare, da direbobin da suka rage gudu suka ba mu fili. Mai keke ba shi da ƙarfen da ke kare shi, kuma direban da ya matsa gefe da taku biyu ya yi masa alherin da ba zai manta ba.

Mun shiga Zariya ta Kwangila bayan la'asar, 'yan uwanmu masu keke na garin suka tarbe mu suka raka mu masauki a Samaru, inda aka ajiye mana ruwan wanka da abinci mai zafi. Washegari suka nemo mana motar da ta kwaso mu da kekunanmu zuwa Kano. Mun gode wa Zazzagawa da wannan karamci, muna kuma jiran ranar da za su zo mana mu rama.

Akwai ɗan uwanmu guda da bai ƙarasa tafiyar a kan kekensa ba. Tayarsa ta gaba ta shiga yashin gefen titi kusa da Chiromawa, ya faɗi a kan kafaɗa, hular kwanonsa ta tsage amma kansa bai samu rauni ba. Ina gode wa waɗanda suka ba shi agajin farko a wurin, da direban motar rakiya da ya kai shi asibiti ya dawo ya cim mana, da ma'aikatan da suka ɗaure masa kafaɗar. An sallame shi yana gida yana samun sauƙi, kuma Baba mai gyaran keke ya riga ya karɓi kekensa don miƙar da ƙafar gaba da ta lanƙwashe. Mun shirya zuwa duba shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma duk ɗan ayarin da ke son zuwa ya sanar da jagora kafin ranar Alhamis. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan saƙo ya sa shi a addu'a, Allah ya ba shi lafiya.